Dogon Maɓallin da Bukar Ya Bar Mini

Bukar ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a bakin ƙofar injin casar shinkafar da nake aiki, muna jiran a kawo wuta. Ƙanwarsa ce ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba, sunana kawai ta ambata muryarta ta karye, ni kuma na tsaya kamar wawa ina ce mata "me ya faru?" alhali jikina ya riga ya ba ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Ko wanka ban yi ba, jar ƙasar tana nan a ƙafar wandona. Na zauna in yi shiru, shirun ya ƙi zama, shi ne na ɗauko waya.

Kafin in ci gaba, duk wanda ya san zai shigo ƙarƙashin rubutun nan ya ce mini "ai dama 'yan gem ne", don girman Allah ya wuce. Yau ba ni da haƙurin da zan ba kowa.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu huɗu ne a tim ɗinmu. Gem ɗin harbi muke bugawa a kwamfuta ta intanet, a wani shago da ke hanyar Shendam a nan garin Lafia. Ana zuba tim-tim a fili guda, kowanne mutum huɗu, tim ɗin da ya rage a tsaye shi ya ci. In an harbe ka, ba nan take kake mutuwa ba. Faɗuwa kake yi kana jan ciki, jininka yana raguwa, har sai wani ɗan tim ɗinku ya zo ya tsaya a kanka ya danne wani maɓalli, bai saki ba sai ka miƙe. Shi muke kira ɗagawa.

Terver ne kyaftin. Kayan waya yake sayarwa a kasuwa. A duk Lafia ban ga mai saitin harbi irin nasa ba, kuma ban ga mai saurin fushi irin nasa ba. Sa'adu daga wajen Adogi yake zuwa a kan babur. Da safe ya leƙa shanun babansa, da rana ya zo ya zauna ya yi ta kwantar da mutane a sikirin bai ce uffan ba. Sai ni Isa. Sai Bukar.

Bukar ba shi ya fi mu iya harbi ba. Gaskiya ma shi ne na ƙarshe, kuma da yana nan da ya ce, "Haba Isa, ko a ta'aziyya ba za ka rufa mini asiri ba?"

Abin da ya sani shi ne hannu.

Da sikila aka haife shi. In ciwon zai motsa, gaɓoɓin yatsunsa ne ke fara faɗa masa. Don haka ya san wane yatsa ne ke jure dannawa, wanne ne ba ya son a miƙa shi nesa. Yawancinmu in mun buɗe gem, yadda muka tarar da maɓallan haka muke barinsu, ko mu kwafo setin wani gwani a intanet mu ce mun waye. Bukar ya tsani wannan. "Wancan da hannunsa ya yi setinsa," in ji shi. "Kai ina ka baro naka?"

In baƙo ya zo shago yana son koyo, ba ya tambayarsa me ya iya. Cewa yake, "Ajiye hannunka a kan kibod kamar ka gaji." Inda yatsun suka faɗi da kansu, nan yake raba musu aiki.

Sa'adu yatsunsa dogaye ne, sai Bukar ya matsar masa da komai layi ɗaya zuwa dama, yana yi yana tsokanarsa wai hannun tatsar nono ne, ba na kibod ba. Sa'adu ya ce ai Babarbare bawan Bafulatani ne, dole ya yi masa hidima. Kullum haka suke kamar za su daku, anjima ka gan su a kwano ɗaya suna cin burabuskon da mamar Bukar take aiko mana a kula.

To, bara bel ɗin inji ya kama mini hannun hagu.

Ba zan ba ku labarin ranar ba. Na dai fito asibiti babu ƙaramin yatsa, babu wanda ke bin sa.

Wanda bai taɓa buga gem a kibod ba zai ce ai yatsu biyu ne kawai. Hannun dama yana kan maus, shi ke saiti da harbi. Hannun hagu shi ne ƙafafunka. Ƙaramin yatsa shi ke gudu, shi ke tsugunne. Na kusa da shi kuma shi ke kauce maka hagu. Wato na dawo mutumin da ba ya gudu, ba ya tsugunne, kuma in harsashi ya taho ba ya iya kaucewa gefe ɗaya.

Ina kwance a asibiti kowa ya zo sai ya ce sannu, ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara. Na gode musu. Bukar ya zo ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana kallon bandejin, sannan ya ce, "Wanne da wanne suka rage?"

Wallahi saura kaɗan in zage shi.

Na ce, "Babba, da manuni, da na tsakiya."

Ya ce, "To alhamdulillahi. Manyan ma'aikata aka bar maka."

Na juya fuskata bango. Shi kaɗai ne ya tambayi abin da ya rage, kuma ranar ce na fara yin kuka tun da abin ya faru.

Da ciwon ya warke sai na tarar kowa ya yanke mini hukunci. A wurin aiki an ɗauke ni daga inji an mayar da ni bakin ƙofa. A gida in na ɗauki bokiti sai a karɓe. Ko buhun gawayi na taɓa sai wani ya taso yana "bari, bari". Duk da kyakkyawar niyya suke yi, kuma duk yana ci mini rai. Kujerata ta shagon gem ce kawai ta rage mini wurin da nake zama a ɗauke ni cikakken mutum.

Sai ga sanarwar wata gasa, da wasan share fage, da fainal. Irin damar da muka daɗe muna jira.

Terver ya tara mu a ƙofar shago. Bai yi kwana-kwana ba.

"Isa, kai buroda na ne, ba zan ɓoye maka magana ba. Gasa ɗin nan babba ne. Wannan hannu ba zai kai mu ba. Ƙanina yana bugawa sosai. Abeg ka huta wannan karo."

Abin da ya fi mini ciwo, ba ƙarya ya yi ba. Tun da na dawo ni nake fara faɗuwa a kowane wasa. Sa'adu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Na buɗe baki zan ce shi ke nan, sai Bukar ya riga ni.

"Kyaftin, ba hannun ne ya lalace ba. Setin ne ba na hannun ba. Ka ba ni shi zuwa ranar share fage."

Terver ya kalle shi, ya kalle ni. "To. Amma in mun faɗi saboda shi, da kansa zai ajiye hedfon. Ba na son dogon magana."

Na ce na yarda. Na faɗa da ƙarfi ma.

Daga nan Bukar ya yi shiru. Kwanaki bai kira ni ba, bai ce in zo ba. Har na fara tunanin ya yi maganar ne don ya fitar da ni kunya a gaban mutane.

Wata rana da azahar na biya shagon, lokacin ba kowa. Na tarar da shi a kwana shi kaɗai. Ya lanƙwashe ƙaramin yatsansa da na kusa da shi, ya ɗaure su a tafin hannu da filasta, yana bugawa da ukun da suka rage. A harbe shi, ya shiga setin ya canja, ya koma, a sake harbe shi. Mai shagon ya ce mini tun ranar da muka yi taro haka yake yi kullum.

Yatsun da ya ɗaure sun kumbura. Mutumin da sanyin fanka ma yake tayar masa da ciwo.

Na ce, "Bukar, kai da lalurarka?"

Bai ko juyo ba. "Ta yaya zan ɗinka maka riga ban gwada ba? Je ka kawo mini ruwa, kana tare mini haske."

Ga abin da ya fito da shi. Gaba da baya ya ɗauke su daga kibod gabaɗaya, ya mayar kan maɓallai biyu na gefen maus. Nawa ba shi da su, sai ya ba ni nasa, shi ya koma amfani da tsohon na shago mai maƙalewa. Hagu da dama ya ba yatsuna biyu. Gudu ya sa ya riƙa kamawa da kansa. Tsugunne ya ajiye kusa da manuni. Maɓallan da ke kewaye, waɗanda nake dannawa bisa kuskure, ya sa gindin cokali ya ɓamɓare su, kibod ɗina ya koma kamar bakin tsoho. Waɗanda suka rage ya ɗiga musu gam ya bushe, don yatsa ya gane gidansa ba sai na duba ba.

Sai dogon maɓallin nan na ƙasa, sifes, wanda babban yatsa yake kwanciya a kai. Duk duniya tsalle ake yi da shi. Bukar ya cire tsalle ya kai shi kan tayar maus, ya sa ɗagawa a sifes.

Terver da ya gani har tashi ya yi tsaye. "Wa ke sa ɗagawa a sifes? Bukar, kanka ɗaya kuwa?"

Bukar ya ce, "Shi ya fi girma a kibod, kuma yana ƙarƙashin yatsan da ya fi ƙarfi. Ko an rufe masa ido ba zai kuskure shi ba. Isa ya daina zama na gaba, yanzu shi ne mai ɗaga ku. Kai kuma Kyaftin, kai ka fi kowa buƙatarsa, don kai ka fi kowa kutsawa inda ba a aike ka ba."

Sa'adu ya yi dariya har da buga tebur. Terver bai yi ba.

Ni ma ban yi ba. A da ni ne na biyu a harbi. Na ce, "Wato motar asibiti ka mayar da ni."

Ya ce, "Eh. Zauna mu fara."

Matsalar ita ce babban yatsana ya yi shekara da shekaru yana tsalle da sifes, kuma ba wanda ya yi shawara da shi. Duk sanda na zo gaban katanga ko rami, kafin kaina ya tuna, shi ya riga ya danna. Sai mutumina ya tsaya ƙiƙam a gindin katanga kamar mai jiran mota, a zo a harbe shi a kwana. Terver ya fizge hedfon ya buga a tebur. Gobe ma haka. Jibi ma haka.

Sai ƙanin Terver ya fara zuwa atisaye. Kujera kawai yake jawowa ya zauna a bayana, ina jin numfashinsa a wuyana.

Bukar yakan tsayar da ni bayan kowa ya tafi, ya kai ni wani fili a gem ɗin da ba kowa sai katangu, ya ɗora yatsansa a kan babban yatsana ya ce in yi ta tsallakewa. In na motsa shi sai ya matse. "Wannan yatsan naka taurin kan mutanen Keana gare shi," in ji shi, don ya san can ne asalinmu, garin da ya yi suna da gishiri. "Gishiri ya yi masa yawa."

Ana gobe share fage, na sake tsayawa a gindin katanga aka harbe ni. Terver bai buga hedfon ba ranar. Ajiye shi ya yi a hankali ya fita, kuma wannan ya fi bugawar tsorata ni.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi wasan, da rana. An kwana ana ruwa, garin ya yi sanyi. Bukar ya shigo da rigar sanyi har wuya, leɓɓansa a bushe, idonsa ya yi ɗorawa. Na ce lafiya? Ya ce ɗan zazzaɓi ne. Mai shago ya tayar da janareta tun kafin a fara, don ba wanda zai amince wa wutar gari a rana irin wannan. Ƙanin Terver yana tsaye a bayana da nasa hedfon a wuya.

Muka yi ta gwabzawa har wasan ƙarshe. Lissafin a fili yake, in ba mu muka rage a tsaye ba, mun fita. In mun fita kuma, kowa ya san wanda zai tashi daga kujera.

Sa'adu aka fara cirewa. A fili suka ritsa shi, kafin in kai gare shi sun gama da shi. Muka rage mu uku a bayan wani rusasshen gida, fili yana ta matsewa, abokan gaba biyu suna kan tudu suna kallonmu.

Terver ya yi abin da ya saba. Ya tsallake katanga ya kutsa, suka kwantar da shi a can ɗaya gefen. Bukar ya leƙa zai kare shi, suka kwantar da shi a gabana, kusa da ƙafata.

Ni kaɗai a tsaye. Jinin su biyun yana sauka a gefen sikirin. Lokacin da ya rage na mutum ɗaya ne.

Bukar yana gabana, yatsana yana kan sifes, dannawa kawai ya rage. Terver kuma yana bayan katanga, sai an yi tsalle.

Terver yana ihu a kunnena. "Ɗaga Bukar, shi ne kusa. Kar ka zo nan, za ka tsaya a katanga su kashe mu duka."

Sai na ji muryar Bukar, can ƙasa-ƙasa. "Isa. Bar ni. Je ka ɗaga Kyaftin."

Na ce, "Kana gabana fa."

"Ko ka ɗaga ni ba abin da zan iya yi maka. Je ka."

Na saci kallon gefena. Hannunsa na hagu ba ya kan kibod. Ya cusa shi a hammata ya matse, goshinsa ya kusa taɓa tebur, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a cikin wannan sanyin. Ban san tun yaushe yake bugawa a haka ba.

Na bar shi na ruga.

Katangar tana matsowa, ina jin babban yatsana yana sauka da kansa. Har yau ban san yadda aka yi ba. Na dai ji kamar yatsan Bukar yana kai ya matse, na murza tayar maus, sai ga ni a sama. Na dira a kan Terver, sannan na danne sifes da duk ƙarfin da Allah ya bar mini a hannun nan.

In ka saki kafin ya miƙe, daga farko za a koma. Suna harbina, sikirin ya yi ja, jinina yana zuba, ban saki ba. A gefe na ga sunan Bukar ya dushe, alamar ya fita. Ban saki ba. Terver ya miƙe, ni na faɗi.

Abin da Terver ya yi wa mutanen nan biyu, shi ya sa muke haƙuri da halinsa. Kafin su sake ɗura harsashi ya gama da su.

Shagon ya kaure. Mai shago yana rungumar wanda bai sani ba. Terver ya cire hedfon. Bai ce mini yi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya juya ya ce wa ƙaninsa, "Je ka buɗe shago, kastoma na jira." Sannan ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, "Fainal, kana kujeranka."

Murnar ba ta yi nisa ba. Muna juyawa muka ga Bukar ya kasa tashi. A babur ɗin Sa'adu muka kai shi asibiti, yana tsakiya, ina baya na riƙe shi, yana cije leɓe duk ramin da muka faɗa.

Shekaranjiya na je duba shi. Ita ce ganawarmu ta ƙarshe, ban sani ba.

An sa masa ruwa a hannu, mamarsa tana zaune a tabarma tana jan carbi. Na gaishe ta, na zauna. Ko jikinsa bai bari na tambaya ba.

"Ka taɓa setin?"

Na ce a'a.

"Kar ka taɓa. Tsugunne ne dai nake ganin ya ɗan yi maka nisa. In na fito zan matso maka da shi."

Na ce masa har yanzu raina a ɓace yake. Mutum yana gabana a kwance, ya sa na tsallake shi na je na ɗaga wanda yake neman kora ta.

Ya yi dariya, dariyar ta taɓa masa ƙirji, ya dakata har ta lafa. Sannan ya ce, "Ka ɗaga Bafulatanin nan ba adadi. Ka ɗaga Kyaftin har ya koyi ladabi. Saura ni. Kar ka damu, ina layi."

Mama ta ce, "Ku da wannan wasan naku, ko a gadon asibiti ba za ku bari ba?"

Na yi mata sallama, na ce masa sai na dawo. Ya ɗaga mini babban yatsa, na hannun da ba ruwa a jiki.

Yau bayan azahar aka yi masa salla a ƙofar gidansu. Terver ya rufe shagonsa ya zo. Da muka tsaya sahu, da yake ba musulmi ba ne, ya koma gefe ya harɗe hannu, kansa a ƙasa, har muka idar.

Da aka zo ɗaukar makara na matsa gaba. Gefen da ya faɗo mini na hannun hagu ne. Na miƙa hannu zan kama, sai wani dattijo, kawun Bukar, ya ga yatsun. Ya dafa ni a hankali.

"Ɗana, bari wani ya kama. Kada ta suɓuce maka."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Gawar ɗan ƙanwarsa ce, yana da gaskiyarsa. Mutane sun kama sauran ɓangarorin suna jira, duk ido ya dawo kaina. Na ji abin nan da nake ji a gida in an karɓe mini bokiti. Har na fara janye ƙafa.

Sai na ji muryar Terver daga baya.

"Baba, abeg ka bar shi. Wannan hannu ya ɗaga ni. Ba ya sakewa."

Dattijon bai san me yake nufi ba, kuma bai tambaya ba. Ya kalli Terver, ya kalle ni, ya ɗauke hannunsa daga kafaɗata.

Na kama. Yatsu biyu a sama, babban a ƙarƙashin itacen. Sa'adu yana ɗaya gefen, hawaye yana bin gemunsa, ina jinsa yana cewa a hankali, "Babarbare, yau kai ake yi wa hidima."

Muka ɗaga shi.

Ana ta canji a hanya kamar yadda aka saba, wannan ya saki wancan ya kama. Mutane sun matso za su karɓe ni, na girgiza musu kai. Hannun ya yi zafi, wurin ɗinkin yana zuga kamar sabo, ban saki ba. A gem in ka danne ba ka saki ba, mutum miƙewa yake yi. Na riƙe har bakin kabari, can aka ce in saki, na saki.

Ba mu yi maganar fainal ba, ban kuma san ko za mu iya ba. Kujerata dai tana nan, da kibod ɗina mai giɓi, da maus ɗinsa. Tsugunne yana nan inda ya bar shi. Gaskiya ya faɗa, ya ɗan yi mini nisa. Haka zan riƙa miƙa yatsa ina kai masa.

Ya Allah, ga Bukar nan ya zo gare ka. Ka san ciwon da ya sha tun yana jariri, Ka san bai taɓa ɗora wa kowa nauyinsa ba. Ka sa ya zama kankarar zunubi a gare shi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka hutar da gaɓoɓin nan nasa. Yadda ya tsaya a kaina lokacin da nake ƙasa, ya Allah kada Ka bar shi shi kaɗai. Ka tashe shi cikin bayinKa na gari, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Mama da ƙannensa haƙuri da dangana.

Ku da kuka karanta har nan, ba laik nake nema ba. Ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ku ɗan dakata kafin ku wuce, ku ɗaga hannu ku roƙa wa Bukar gafara da rahama. Allah ya saka muku da alheri, ya sa mu cika da imani.